Kwamfutar Kawu Ba Ta San Inkiya Ba

…to ina take? In ba nan ba, ina? Na rubuta sunan kwamfutar da manyan baƙaƙe, na goge, na sake rubutawa da ƙanana, sai ka ce sabar, na'urar ajiyar nan, za ta ji nauyina ta fito da abin da ba ta da shi. Amsar dai ba ta canza ba. Ajiya ta ƙarshe daga ɗakin faya-fayai — farkon damina. Farkon damina, Umma. Yanzu ciyawar bayan gidan rediyon nan har ta bushe an sare ta.

A'a, tsaya. In bi abin a hankali, ba da zuciyar nan tawa mai saurin hawa ba.

Kawu yana waje. Yayanki. Yana zaune a kujerar roba a baranda, don ba ya shigowa ɗakin nan, wai sanyinsa irin na inda ake ajiye gawa ne, shi kuwa bai shirya ba tukuna. Da safe kwamfutarsa ta yi ƙas-ƙas-ƙas ta ɗauke, ya rungumo ta daga ɗakin faya-fayai ya hau bene da ita, da gwiwoyin nan nasa, ya dire ta a teburina yana haki. "Injiniya, ta ƙi tashi. Amma ba komai, ai ka ce komai yana wurinka." Da murmushi ya faɗa. Injiniya yake ce mini tun ina yaro ina kwance masa rediyo in kasa mayarwa. Na ce ya ba ni 'yan mintuna. Da hantsi ke nan. Ɗakin nan ba taga, amma cikina ya gaya mini rana ta yi nisa.

Komai yana wurina… ni na faɗa. Da bakin nan.

Ke kin bar duniya ana buga tafireta, a gidan nan ma kika buga ta, saboda haka bari in faɗa miki aikin ɗanki, ko in na faɗa da baki ni ma zan gane inda ya karkace. Duk kwamfutar da ke gidan nan — ta 'yan labarai, ta masu shirye-shirye, ta Manaja da ba abin da ke cikinta sai hotunan motoci — kowacce tana aika kwafin aikinta zuwa wata babbar na'ura, sabar, a ajiye saboda ko-ta-kwana. In taka ta mutu, ka zo wurina in mayar maka. Shi ke nan aikin. Mutum ne ni da ba a tunawa da shi sai ranar kuka.

Da can sabar ɗaya ce tak. Ajiya-ɗaya sunanta. Oga ya kafa ta, tsohon shugabana, tun kafin a ɗauke ni aiki, kafin ya yi ritaya ya koma kiwon kajinsa. To in ita mai ajiyar ta faɗi fa? Wa zai ajiye wa mai ajiya? Wannan tambayar ta daɗe tana cina. Na dami Manaja har ya gaji da ganin fuskata ya sa hannu, aka sayo ta biyu. Ajiya-biyu. Ga su nan a jere a cikin kejinsu, fankokinsu suna huci, fitilu suna ƙyafta mini ido kamar ba su yi komai ba.

Sai dabarar da nake ji da ita. Akwai wata 'yar na'ura, DNS muke ce mata, aikinta irin na maigadin bakin ƙofa ne: ka faɗa masa suna, ya nuna maka ɗaki. Na ce kada kowace kwamfuta ta ƙara kiran sabar da sunanta na gaskiya. Na ƙirƙiro inkiya — rumbu. Kowa ya tambayi rumbu. Yau maigadi ya nuna masa ajiya-ɗaya. Ranar da ta faɗi, a juya layi ɗaya, ya nuna masa ajiya-biyu. Mai tambaya ba ruwansa, bai ma san an canza ba. Na rage wa'adin da kwamfutoci ke riƙe tsohuwar amsa a kansu, daga yini guda zuwa 'yan mintuna, don kada su yi ta buga ƙofar da ba kowa. Na rubuta ɗan shiri mai taɓa ajiya-ɗaya a kai a kai, in ta ƙi motsi shi da kansa ya juya inkiyar. Na gwada. Na juya, kowa ya bi. Na mayar, kowa ya dawo. Na sake gwadawa don daɗin abin kawai.

Ya yi kyau, Umma. Wallahi ya yi kyau. Abin da ke ƙona mini rai ke nan.

Ranar da aka yi tsawar nan — kin ga, farkon damina — ajiya-ɗaya ta ƙone, har warin roba a baranda. Ina shan shayi ban ma sani ba. Kafin in ajiye kofi inkiya ta juya, ajiya-biyu ta karɓi aiki, allo kore shar daga sama har ƙasa. Ba wanda ya rasa ko harafi. Manaja ya kira ni gaban mutane ya dafa kafaɗata. Kawu kuwa… Kawu ya bi ofis-ofis yana cewa ɗan ƙanwata ne fa, ni na rene shi, har mai shara sai da ya tsayar ya ba ta labarin inkiya, alhali shi kansa bai gane ba. Ni ina ta noƙe kai wai ni mai kunya, a ciki kuwa kamar in tashi sama.

Kore shar. To me ya sa ba ja ko ɗaya? In kwamfuta ta daina zuwa ai sabar tana kuka, tana turo mini saƙo har in ji haushi. Wata nawa ta Kawu ba ta zo ba, ko tari sabar ba ta yi ba? Me ya sa —

Ƙyallen.

Ƙyallen nan mai ruwan toka da yake rufe ta da shi.

Innalillahi… Kawu yana kashe kwamfutarsa kullum in an tashi. Ba kashewa kawai ba, sai ya zare wayar daga bango, ya naɗe, ya rufe ta da ƙyalle kamar mai rufe jariri. Haka yake a gida. Ina yaro in muka fita sai ya koma ya taɓa kowane soket da hannu, firij ne kaɗai ke tsira, shi ma da ƙyar. Wa ya fi ni sanin wannan a duniya? Mu kuwa duk aikinmu bayan tashi muke yi, don kada mu dami mutane. Bayan tashi sabar ke bi ɗaya-ɗaya tana karɓar ajiya. Ta Kawu a lokacin tana barci a ƙarƙashin ƙyalle. To yaya aka yi shekara da shekaru tana ajiya lafiya lau?

Oga. Tabbas Oga ne. Ina ganinsa, da haƙurin nan nasa, ya roƙi Kawu ya bar ta a kunne, Kawu ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu, sai Oga ya yi dariya ya nemi wata hanya. Ya cire ta daga cikin waɗanda sabar ke bi tana nema, ya ce mata ke in kin tashi da safe ki kawo naki da kanki. Ya rubuta mata suna — ajiya-ɗaya, don lokacin ba wani suna sai shi. Kirki ya yi. Tsoho ya mutunta tsoho. Da ni ne da na tsaya ina gardama har mu ɓata.

Ni kuma da na zo da inkiyata ban bi ofis-ofis ba. Wa ke bin ofis-ofis yanzu? Daga kujerar nan na tura sabon sunan, bayan tashi, zuwa ga duk waɗanda sabar ke nema. Ta ce mini duka sun karɓa. Gaskiya ta faɗa. Duk waɗanda ta sani sun karɓa. Wadda ba a jiran zuwanta, ranar da ba ta zo ba wa zai ce ba ta zo ba?

Bari in duba wurin maigadin, ko ƙarya nake wa kaina… ga shi. Ga shi nan. Kullum da safe, lokacin da Kawu ke yaye ƙyalle, tambaya ɗaya daga ɗakin faya-fayai: ina ajiya-ɗaya? Amsa: ba mai wannan suna. Washegari: ina ajiya-ɗaya? Ba mai wannan suna. Har jiya. Har jiya da safe, Umma, tana tambaya. Bayan gobarar na gyara tsohuwar sabar, na sa mata sababbin diski, na ba ta sabon suna, na share tsohon daga wurin maigadi don kada wani ya ɓata hanya. Tsabtar aiki. Haka littafi ya ce, haka kowane ɗan sana'armu zai yi, da na bar shi ma sai a ce ni malalaci ne. Da na yi lalacin…

Sanyin nan ya fara shiga ƙashina. Rigar sanyin da maman yara ta saƙa mini tana rataye a bayan kujera, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ban taɓa gaya mata ba. Ba zan sa ba. Bari ya shiga.

Duk abin da Kawu ya yi kafin tsawa yana nan, ba abin da ya taɓa shi. Shekarun da ya kwashe yana juye tsofaffin tef zuwa kwamfuta, muryoyin mutanen da ƙasa ta rufe tun tuni, mawaƙa, masu wasan kwaikwayo, masu karanta labarai da ƙaƙale — duk suna nan. Zan iya mayar masa da su kafin ya gama hamma. Wanda ya yi bayan tsawa ne babu. Ke kuma bayan tsawa ya same ki.

Me ya sa ba ki fito da wuri ba? Ke ma dai… shekara nawa kina kwance a ƙasan kwali, an rubuta wa akwatinki sunan wani shiri daban, ba ki tashi fitowa ba sai bayan an yi tsawa?

"Injiniya, sauko. Na same ta."

A wayar ofis ya kira. Muryarsa tana rawa, ni na ɗauka mura ce. Na ce wa? Ya ce uwarka mana, wa kuma nake nema tun kafin ka yi gemu?

Labarin na san shi kamar sunana. Ke mai buga tafireta ce, ba ruwanki da makirufo. Rannan mai gabatar da shirin yara ba ta zo ba, lokaci ya yi, Kawu yana kan na'ura, ya fita baranda ya kamo hannun ƙanwarsa ya zaunar da ita ya kunna jar fitila. Sau ɗaya ke nan a rayuwarki. Wai kin fara da rawar murya, daga baya kika sake, har a tsakiya wani abu ya ba ki dariya kika kasa tsayawa, shi kuma ya ƙi yankewa. Bayan shekara biyu kika tafi. Ina da wayon sanin ƙanshin mayafinki, ba ni da wayon riƙe murya. Na yi, na yi. In na rufe ido ina ganin bakinki yana motsi a hoton nan na falo, amma shiru, kamar talabijin da aka kashe wa sauti.

Tef ɗin ya riga ya ruɓe. Irin waɗanda danshi ya ci, in ka ja sai su manne. Kawu yana da dabararsa, yana gasa su a wata 'yar tanda da wuta kaɗan-kaɗan, su yarda a ji su sau ɗaya. Sau ɗaya kawai. Tef ɗin yana juyawa yana zubar da garinsa mai ruwan ƙasa a kan na'ura, kafin ya kai ƙarshe ya zama roba fara, ana hango yatsa ta cikinta. Ya nuna mini daga baya, ya ajiye shi a aljihun tebur. Amma ya kama ki. Ya ce tsaf, har numfashinki.

Ni kuwa na ce me? Ina zaune a nan, a kujerar nan, ina rubuta wa Manaja bayanin yadda inkiyata ta ceci gida. Na ce, Kawu, in dai ka sa a kwamfuta ai ta shiga rumbu, ba inda za ta, zan sauko in na sami sarari.

Ba inda za ta.

Ciwon 'yan sana'armu ke nan, ba wanda zai gane sai mu. Abu in ya shiga ajiya, sai ya fita daga ranmu. Ya daina zama na gaggawa. Wanda ba shi da kwafi shi muke gudu a kansa, mai kwafi kuwa ya jira, ai yana nan. Hotunan auren ƙanwar maman yara ma kwafi uku na yi musu, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Na sa ki a layin masu jira, Umma, don na ɗauka kin fi kowa tsira.

To amma shi ke nan? Sarari ne ban samu ba, damina guda? Bene ɗaya ne fa tsakaninmu. Ina wucewa ta ƙofarsa kullum, ina jin ƙamshin tandar nan, in ƙara sauri.

Tsoro nake ji. Ga gaskiyar. Na riga na yi miki murya a kaina, tun ina kwana a ɗakin Kawu ina kallon silin. Mai sanyi, ƙasa-ƙasa, ba ta gaggawa. Da ita kike mini faɗa in na yi wa maman yara tsawa, da ita kika ce sannu ranar da aka ɗauke ni aiki. In na sauka na ji wata yarinya mai siririyar murya tana ƙyalƙyala dariya — yarinya fa, yanzu na girme ki da nisa — wace zan riƙe? Ina tsoron ta gasken ta kori tawa, in tashi ba ni da ko ɗaya da na sani. Sai na yi ta neman rana mai kyau. Ba ranar aiki ba. Ba da 'yan lasifikan nan nasa masu shaƙewa ba. Sai na zo da Auta, ta ji kakarta, tunda kowa ya ce goshinki ta ɗauko. Sai an yi hutun makaranta. Sai ta warke daga tari. Sai…

Auta tana tambaya kuwa. "Baba, yaushe za mu je mu ji ta?" Na ce tana nan, ba inda za ta. Ita ma haka na ce mata. Sai ka ce waƙa na haddace.

Kawu bai taɓa matsa mini ba. Abin da ya fi ciwo ke nan. Da ya zage ni, da ya hau benen nan ya ja kunnena kamar da. Sau ɗaya na ce masa a mota, to me ta ce a ciki? Ya ce a'a, ba zan ɓata maka ba, da kunnenka za ka ji. Ya ce ya ba ni a 'yar ma'ajiyar aljihu in tafi da ita gida? Ya tambaya! Ya tambaya, Umma, ni na ce kada ya wahalar da kansa, waɗannan ƙananan abubuwan ɓacewa suke, wurina ya fi aminci. Har da 'yar lacca na yi masa a kan haka, muna tsaye a danja.

Diskin nasa ga shi a gabana, na ciro shi. Ɗan abu kamar sabulu. Na kara a kunne na juya shi a hankali, ina jin wani abu yana yawo a ciki kamar yashi. Na tambaye shi ɗazu sau nawa ya kunna bayan ta fara ƙara, ya ce ai ta yi ta ƙoƙari, shi ya sa ya yi ta ba ta dama. Kowace dama allura tana kartar faifan. Akwai masu buɗe irinsa a ɗaki na musamman su tsinci abin da ya rage. Zan aika. Dole in aika. Amma na san ƙarar nan, na sha jin ta, kuma na san fuskar da nake yi wa mutane in sun kawo mini irinta. Yau wa zai yi mini fuskar?

In kira Oga? In ce masa me? Ka yi wa tsoho alheri shekarun baya, ga abin da ya haifar? Yana can cikin kajinsa hankali kwance. Da ya faɗa mini kafin ya tafi… to shi ma ina zai tuna, abu ya yi ta aiki shiru shekara da shekaru, abin da ke aiki shiru ai mantawa ake da shi. Ba laifinsa. Ba laifin Kawu ba, wuta yake tsoro, kuma ga shi tsawa ta nuna yana da gaskiya. Na'ura ma ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Ina ta neman wanda zan huce a kansa, ɗakin ba kowa sai ni da fankoki.

Da sabar ɗaya ce kamar da, ranar da ta ƙone gidan nan gaba ɗaya zai tsaya cik. A yi ta ihu, Manaja ya zage ni, in kwana uku ina gumi, in tayar da ita da sunanta na da — kowa ya dawo, har ta Kawu. Da an ji jiki, da ba a rasa komai ba. Ni na hana a ji jiki. Na yi abin sumul yadda ba wanda ya farga, har da ni.

Gyaran kuwa — kin san abin haushin? Layi ɗaya ne. In mayar da tsohon sunan ya zama inkiya shi ma, duk mai neman ajiya-ɗaya a nuna masa rumbu. Ga shi, na rubuta. Na danna. Ya shiga. Ko minti ban yi ba. Yanzu in ta tambaya za a nuna mata hanya… wa zai tambaya? Tana nan a kan teburina, cikinta a buɗe.

Ƙarshen shekara Kawu zai ajiye aiki. Sun so ya tafi tun bara, ya roƙa a bar shi ya gama kwalayen. Ni na san ba kwalaye yake nufi ba. Da ya same ki sai da ya canza tafiya, ya daina dafa bango a bene. In na fita yanzu zai ɗago kai, gilashinsa a kan hanci, ya ce, yawwa Injiniya. Da wane baki? Kawu, komai yana nan sai ita? Kawu, ka tuna inkiyar da ka yi ta yabo har wurin mai shara?

Ba zai yi faɗa ba. Zai ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya kakkaɓe wandonsa, ya tambaye ni ko na ci abinci. Sannan ya sauka benen yana dafa bango.

Ba zan iya ba. In ƙara dubawa sau ɗaya, wataƙila da wani suna ta… a'a. Na duba. Na duba, na duba.

Mene ne wannan?

Magana ake a baranda. Shi da wa? Ba kowa a benen nan war haka, duk sun fita cin abinci. Shi kaɗai ne. Haka yake in jira ya yi masa tsawo, ya yi ta magana da kansa, a gida ma maman yara har leƙawa take ta ga ko baƙo aka yi. Amma wannan ba muryarsa ba ce. Ya siranta ta, ya ɗaga ta sama, tana rawa a farko… Na taso. Ƙofar ƙarfe ce, sanyi kamar ƙanƙara a kunnena. "Yara manyan…" a'a, ban ji ba, fankokin nan sun cika ɗaki da huci. Wani abu yara, wani abu barkanmu da — sai ya tsaya. Sai dariya. 'Yar gajeriya, ta hanci, mai sarƙewa a ƙarshe kamar an kama mutum yana satar dariya a aji.

Auta.

Haka Auta take dariya. Ni ina ce mata ta daina, wai ba kyau.

Kullum yake kunna ki ashe. Damina guda, shi kaɗai a ɗakin nan na ƙasa, ya yaye ƙyalle, ya kunna ki, har ya haddace inda kike jan numfashi. Ga kwafin da ya rage. Guda ɗaya, a kan tsoho mai ciwon gwiwa, a kujerar roba. Nawa ne naki a ciki, nawa ne nasa? Wa zan tambaya?

Wayata tana hannuna, ban san lokacin da na ciro ta ba. Na danna ɗaukar murya. Layin yana rawa, amma hucin fankoki kawai yake kamawa, na san shi, ba abin da zai fito sai shuuu. In kashe su? In na kashe su gidan ya tsaya. In buɗe ƙofar, ko da yatsa ɗaya ne… tana ƙara, ƙofar nan, tun bara nake cewa zan sa mata mai. Yana jin ƙarar zai yi shiru. Zai ɗago kai ya koma muryarsa ta Kawu, ya ce, ka samo ta?

Yana ci gaba. Ya kai wani wuri mai kamar waƙa. Hannuna yana kan mariƙin, ya ƙage don sanyi, ban murɗa ba, ban saki ba.

Kada ki yi sauri, Umma. Ɗan ƙara ɗaga murya… ban ji ba. Me kika ce?